Waiwaye: Yadda Likitoci Suka Koyi Cike Giɓin Ƙashi

In ƙashi ya karye aka daidaita bakinsa biyu, da kansa yake haɗewa. A kan wannan baiwa sana'ar ɗori ta tsaya tun kaka da kakanni, daga Garwa har Injamena. Abin da ya gagari mai ɗori, ya kuma daɗe yana wahalar da likita, shi ne in wani yanki na ƙashin ya tafi ɗungurungum, kamar yadda ake gani a ƙwaurin masu haya da babur bayan mummunan haɗari, ko a raunin harsashi.

Tsohuwar dabara ita ce a ɗebo ƙashi daga ƙugun majiyyaci a dasa a giɓin. Har yau ita ce kan gaba, sai dai ƙugu ba rumbu ba ne, kuma inda aka ɗeba yakan daɗe yana ciwo. Dole aka shiga neman madadi. A 1965 Marshall Urist na Amurka ya cire ma'adinin da ke taurara ƙashi, ya dasa ragowar cikin tsokar dabba, sai ga sabon ƙashi ya tsiro. Sinadarin da ke wannan aiki, BMP, sai farkon shekarun 2000 aka amince da shi a asibitocin Amurka. A 1969 kuma Larry Hench ya ƙera wani gilashi da ƙashi ke mannewa da shi. Yau ana ƙera wata irin saƙa da na'urar bugawa ta 3D, wadda ƙwayoyin halitta za su hau su gina ƙashi, amma yawancinta na ɗakin bincike, ga tsada.

Ni dai dabarar da ta fi ba ni fata ita ce ta likitan Faransa Alain Masquelet, wadda ya fara a 1986. Ana toshe giɓin da simintin tiyata, a bar shi mako shida zuwa takwas. Jiki zai naɗe simintin da tantani mai yalwar jijiyoyin jini. Sai a buɗe, a cire simintin, a zuba ɓarɓashin ƙashin ƙugu cikin wannan jaka, a ɗinke. Ba ta bukatar kaya masu tsadar gaske, kuma likitocin sojan Faransa sun yi aiki da ita a Injamena.

Sharaɗinta mai wuya ne: dole rauni ya zama tsaf, babu ruɓa. Wanda ƙashinsa ya huda fata, aka ɗaure shi da kara a gida har ya fara mugunya, sai an yi ta yanke mataccen nama da ƙashi kafin a zo maganar siminti, kuma kowane yanka ƙara faɗin giɓin yake yi.