Waiwaye: Cutar lufus da tsohuwar tambayar "me zan ci, me zan bari?"

A gidajenmu, da zarar ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tukunya ake fara tuhuma. Wannan ta ce a bar maiƙo, waccan ta ce zaƙi ne, wata ta rantse ruwan sanyi ne ya shiga ƙashi. Mai fama da lufus ta fi kowa shan wannan shawara, domin ciwon nata mai tafiya ne yana dawowa. Ta yi wata uku garau, sai wata safiya ta tashi gaɓoɓi sun riƙe, jiki ya yi zafi, gashi na zuba, ƙuraje sun feso a kumatu. Duk abin da ta ci jiya shi zai ɗauki laifi. Yanzu kuma waya ta ƙara wa abin ƙarfi, inda masu tallar "abincin da ke warkar da garkuwar jiki" ke cewa a ajiye ƙwayoyin asibiti a koma ganye da 'ya'yan itace. Likitoci ma sun daɗe suna wannan tambaya ta abinci, kuma amsar da suka samu ta cancanci a bi ta daga tushe.

Lufus tana cikin cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Dakarun da aka halitta don kashe ƙwayoyin cuta su ne ke kai hari ga fata, gaɓoɓi, ƙoda, jini, rufin zuciya da na huhu, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. A cikin masu ita goma, kusan tara mata ne, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato lokacin aure da haihuwa da reno. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Sunan daga Latin yake, ma'anarsa kyarkeci. Likitocin Turai na da sun laƙaba shi ga duk wani gyambo mai cin fuska kamar dabba ta yaga, ba tare da bambance wannan da wancan ba. A 1851 likitan fata na Faransa Pierre Cazenave ya ware nau'in da ke sa fata ja ya raɗa masa suna na daban, a birnin Biyana kuma Ferdinand von Hebra ya kwatanta ƙurajen da ke shimfiɗuwa a kan hanci da kumatu da fikafikan malam-buɗe-littafi. Surukinsa Moriz Kaposi ne ya nuna a 1872 cewa abin ya wuce fata: akwai zazzaɓi, rama, ƙarancin jini da ciwon gaɓoɓi, kuma ana mutuwa. Daga 1895 William Osler ya ƙara bayani kan yadda take taɓa ƙoda da zuciya. Duk da haka an daɗe ana haɗa ta da tarin fuka, saboda akwai tarin fuka na fata da shi ma ake kira lufus. Wancan ne Niels Finsen na Denmak ya yi wa magani da haske har ya samu kyautar Nobel a 1903, alhali ita wannan tamu hasken rana tayar da ita yake yi.

Ba a ma yarda jiki zai iya cutar da kansa ba. Paul Ehrlich, babban masanin garkuwar jiki na Jamus, ya koyar a farkon ƙarni na 20 cewa jiki yana da kariya daga irin wannan ɓarna, aka fahimci maganarsa a matsayin abin ba ya yiwuwa sam. Sai a 1948 Malcolm Hargraves na asibitin Mayo a Amurka ya hango, a cikin ɓargon marasa lafiya, wata farar ƙwayar jini ta haɗiye cibiyar 'yar'uwarta. A 1957 aka gano sinadaran garkuwa masu kai wa DNA ɗin mutum, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jikinsa, hari, daga nan aka samu gwajin jinin da ake kira ANA, wanda har gobe da shi ake fara bincike.

Magani kuwa ya riga fahimta zuwa, kuma ta ƙofar da muka sani sarai ya shigo, ƙofar zazzaɓin cizon sauro. A 1894 wani likita a Landan, J. F. Payne, ya ba masu ƙurajen lufus kwinin ya ga sauƙi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ɗura wa sojoji maganin rigakafin zazzaɓi na tsawon watanni, aka lura masu ƙuraje da ciwon gaɓoɓi a cikinsu suna samun sassauci. A 1955 aka amince da haidroksi-kulorokwin, ƙanen kulorokwin ɗin da muka sha muna yara. A tsakanin nan Philip Hench ya fara amfani da kotizon a 1948, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki cikin kwanaki. A shekarun 1950 kusan rabin waɗanda aka gano suna da lufus ba sa wuce shekara 5. Yau, a ƙasashen da ake samun kulawa, fiye da kashi 90 cikin 100 suna wuce shekara 10. Waɗannan magunguna ne suka kawo wannan sauyi, tare da masu danne garkuwa da suka biyo baya, da maganin hawan jini, da wankin ƙoda da dashenta. Babu wani tsarin cin abinci da ke da hannu a cikin wannan lissafi.

To me ke kawo ta? Abin da aka tabbatar shi ne ba abu ɗaya ba ne. Akwai gado, amma gadon bai isa shi kaɗai ba, domin ko tagwaye masu kama ɗaya sak, idan Hassana na da ita, mafi yawan lokuta Usaina ba ta kamuwa. Akwai sinadaran jikin mace. Akwai hasken rana, shan taba, ƙurar duwatsu da masu fasa dutse da haƙar ma'adinai ke shaƙa, da ƙwayar cutar Epstein-Barr wadda kusan kowa ke ɗauke da ita tun ƙuruciya. Wasu magunguna ma, irin su haidralazin na hawan jini da aisoniyazid na tarin fuka, kan jawo mai kama da ita, wadda ke lafawa idan an daina sha. Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na 2003, da aka koma kan jinin sojojin Amurka da aka adana tun suna lafiya. A cikin 130 da daga baya suka kamu, 115 jininsu ya riga ya nuna alamar, wasu tun fiye da shekara 9 kafin ciwo ya bayyana. Ke nan matar da ke zargin kanta saboda naman da ta ci a bikin makon jiya, wutar ta daɗe tana ci a ƙarƙashin toka.

Amma masu zargin abinci ba daga sama suka ɗauko ba. Akwai cutar garkuwar jiki guda da abinci ne ke kunna ta kai tsaye. Likitan yara na Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama kan wasu yara masu gudawa da rama. A yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, da burodi ya ɓace, yaran suka farfaɗo, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Wannan ita ce cutar siliyak, kuma maganinta har yau shi ne barin alkama da sha'ir da danginsu har abada. Nasarar ta sa aka yi ta fatan kowace cutar garkuwa tana da tata "alkamar". Shekara 70 da ɗoriya ana nema, ba a samo ta lufus ba. Wadda ba ta da siliyak, barin burodi da taliya ba zai kashe mata lufus ba.

Abin da aka samu ƙanana ne, amma na gaske. A shekarun 1970 aka ga ɓerayen gwaji masu gadon lufus sun fi tsawon rai idan an rage musu abinci, a 1981 kuma aka ga man kifi yana kare musu ƙoda. Da aka gwada man kifin a jikin mutane, cikin ƙananan gwaje-gwaje, sai aka samu ɗan sauƙi kawai, ba irin na ɓera ba. A daidai wannan lokaci René Malinow a jihar Oregon yana gwada alfalfa, wata ciyawar dabbobi da Turawa ke cin tsironta, don rage kitsen jini. Wani mutum da ya ci irinta da yawa jininsa ya faɗi, birai da aka ciyar da ita kuma suka kamu da ciwo mai kama da lufus, aka gano wani sinadari a cikinta mai suna kanabanin ne sanadi. Shi ya sa alfalfa ce abu guda da kusan duk likitocin lufus suka haɗu a kan a guje shi. Abin lura a nan, ganye ne, kuma da sunan ƙarin lafiya ake sayar da shi. Duk wani haɗi da aka ce yana "ƙara ƙarfin garkuwar jiki", na kanti ne ko jiƙo da sassaƙe, mai lufus ta yi hattara da shi, tun da ƙarfin garkuwar ne ya yi mata yawa.

A 2022 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka mai mutum 25,871, inda waɗanda suka sha bitamin D kullum na kimanin shekara 5 suka samu ragin kashi 22 cikin 100 na kamuwa da cututtukan garkuwa. Labari ne mai daɗi, sai dai manya ne 'yan shekara 50 zuwa sama, kuma rigakafi aka auna, ba warkar da wadda ta riga ta kamu ba. Ana kuma bin sawun ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji, bayan da masu bincike a jami'ar Yale suka nuna a 2018 cewa wata daga cikinsu kan tsallaka zuwa hanta ta tayar da garkuwar ɓera. Har yanzu wannan bai zama abin da za a rubuta wa mara lafiya ba.

A ganina, inda abinci ke da babban aiki shi ne wurin da ba a cika tallatawa ba, wato kare mai lufus daga abin da ciwon da maganinsa ke jawowa. Firednisolon, ɗan'uwan kotizon da ake ba masu lufus, yana buɗe ciki, ya kumbura fuska, ya hau da sukari da jini, ya cinye ƙashi. Danginsa ne wasu 'yan mata ke sha da sunan "sha ka fashe" don su yi ƙiba, abin da ke ba ni tsoro matuƙa. Wadda dole ta sa take shan sa tana bukatar rage zaƙi da soye-soye, ta samu nono da madara da kifi saboda ƙashi, da bitamin D tun da an hana ta zama a rana. Lufus kuma tana saurin lalata jijiyoyin zuciya tun mace na da ƙuruciya, don haka wake, ganye, gero da dawa da kifi sun fi mata kitse. Idan ƙoda ta taɓu, gishiri ne abokin gaba na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa ga gishiri, ga dunƙule uku ko huɗu a tukunya, ga kanwa, ga yajin tsire. Maganar azumi kuma, a zauna da likita tun Sha'aban a tsara lokutan shan magani, domin mai ciwon ƙoda ba ɗaya take da wadda ciwonta ya tsaya a fata ba.

Mu a nan an daɗe ana cewa ba mu da wannan ciwo. A 1968 Brian Greenwood, yana aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya rubuta cewa cututtukan garkuwa sun yi ƙaranci a tsakanin 'yan Najeriya, ya kawo hasashen ko yawan zazzaɓin cizon sauro ne ke ba da kariya. Abin ya ɗaure kai, domin baƙaƙen mata a Amurka da Ingila sun ninka farare sau 2 zuwa 3 wajen kamuwa, kuma tasu ta fi tsanani. Da likitocin gaɓoɓi irin su Farfesa Olufemi Adelowo suka fara nema da gaske a Legas, sai ga masu ita suna fitowa. Ciwon da ke zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasala, a ƙasar da kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifot, ba wuya ya ɓuya shekaru. Idan aka haɗa da yawan ɓari, wanda shi ma yana cikin alamunta, sai zance ya koma sammu ko iska. Kafin a kai ga gwajin ANA an sha maganin ciwon jiki na kemis ba adadi, irin su diklofenak, waɗanda su kansu suna ƙara wa ƙoda nauyi.

Sababbin magunguna sun fito. Belimumab a 2011 shi ne na farko da aka amince da shi don lufus cikin fiye da shekara 50, wasu biyu suka biyo baya a 2021, a garin Erlangen na Jamus kuma an fara gwada sarrafa ƙwayoyin jinin mara lafiya a mayar mata, wasu ƙalilan suka samu lafawar ciwo har suka ajiye magani. Kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu. Wanda ke hannunmu shi ne tsohon nan, haidroksi-kulorokwin, mai rage tashin ciwo, mai kare ƙoda, wanda ake ci gaba da sha ko da juna biyu, da sharaɗin a riƙa duba ido. A 1991 likitoci a Kanada suka raba mutum 47 da ciwonsu ya lafa gida biyu, aka bar wasu a kan maganin, aka sauya wa sauran da ƙwayar da ba komai a cikinta. Cikin wata 6, haɗarin tashin ciwo a wurin waɗanda aka cire wa ya ninka sau biyu da rabi. A 2020, da aka yi ta yayata cewa yana maganin korona, jama'a suka wawashe shi daga kantuna a ƙasashe da dama, har aka kwantar da wasu a Legas saboda sun sha kulorokwin fiye da kima, masu lufus kuwa suka yi ta yawo daga kemis zuwa kemis da takardar likita a hannu.