Kankare mai ƙarfi ma yana buƙatar ringi

Wai don Allah wa ya koya wa maginanmu na unguwannin Nima da Madina a Accra cewa in siminti ya ji a kankare to a rage ringin fila, wato ƙananan ƙarafan da ake ɗaure dogayen rodin ginshiƙi da su? Wannan magana ta daɗe tana yawo, kuma a juye take.

In bene ya danna fila daga sama, kankaren gefe yake son buɗewa, ringin nan da ke zagaye rodi shi ke matse cikin ya hana shi tarwatsewa, ya kuma hana dogayen rodi lanƙwashewa. To shi kankare mai ƙarfi sosai ba ya ba da notis. Na gama-gari zai tsattsage a hankali kana gani, wannan kuwa sai dai ka ji fau, kamar tangaran, ɓawon waje ya zube, nauyin duka ya koma kan abin da ringi ya riƙe. Shi ya sa injiniyoyi ke ƙara masa ringi kusa-kusa, musamman sama da ƙasan fila, a lanƙwasa bakin ringin ciki digiri 135 don kar ya kwance.

Kuma fa kar a yi wasa da ringi, don ana girgizar ƙasa a Accra, ta 1939 ta rusa gidaje har da rasa rayuka.