Murabus ɗin Spiro Agnew

Spiro Agnew shi ne mataimakin shugaban Amurka da ya ajiye muƙaminsa ranar 10 ga Oktoba 1973 saboda zargin cin hanci. Kafinsa mutum ɗaya ne ya taɓa sauka daga wannan kujera, wato John Calhoun a 1832, shi kuwa saɓanin siyasa ne ya fitar da shi.

Ruwan ya samo asali ne tun yana gwamnan jihar Maryland da ma kafin nan. Masu bincike ƙarƙashin lauyan gwamnati George Beall sun gano cewa ’yan kwangila na kai masa kasonsa a ambulan, har ma bayan ya zama mataimakin Richard Nixon a 1969 ba su daina kai masa ofis ba. Da fari ya rantse ba zai sauka ba. Sai dai a lokacin badaƙalar Watergate, ta yi wa jam’iyyar adawa leƙen asiri, na girgiza kujerar Nixon, kuma ministan shari’a Elliot Richardson na tsoron kada mulki ya faɗa hannun wanda ake tuhuma. Wannan ya sa aka yi masa sassauci: ya sauka, ya ce ba ya jayayya da tuhuma ɗaya ta ƙin biyan haraji a 1967, aka ci shi tarar dala 10,000 tare da ba shi wa’adin gyara hali na shekara uku. Bai kwana a kurkuku ba. Hukuncin dai ya yi sauƙi ƙwarai.

Nixon ya zaɓi Gerald Ford ya maye gurbin Agnew, majalisa ta amince, aka rantsar da shi ranar 6 ga Disamba. Da Nixon ya sauka ranar 9 ga Agusta 1974, Ford ya hau mulki ba tare da an taɓa zaɓensa shugaba ko mataimaki ba. Shi kuwa Agnew an hana shi aikin lauya, a 1983 kuma ya mayar wa Maryland fiye da dala 268,000. Ya mutu a 1996.

Lokacin da abin ya faru Legas ce hedikwatar Najeriya, kuma soja ke mulki. Sai a 1979 ƙasar ta ɗauki tsari irin na Amurka, aka rantsar da Alex Ekwueme a Legas a matsayin mataimakin Shehu Shagari. Har yau mataimakin shugaban Najeriya bai taɓa murabus ba. Wani abu makamancin haka da mazauna Agege da Idi-Araba suka gani shi ne saukar mataimakiyar gwamnan Legas Kofoworola Bucknor-Akerele a 2002, bayan ta ɓata da gwamna Bola Tinubu.