Lambar da ke bayan samfefa: me take nufi?

Juya samfefa ka duba bayanta, za ka ga lamba: 60, 80, 120, 220, wani lokaci da harafin P a gaba. Mutane da yawa suna ɗauka babbar lamba ita ce mai ƙarfi. Ba haka ba ne. Lambar tana nuna girman ƙwayoyin da aka manna a jikin takardar, kuma daga tankaɗe aka samo ta: kusan yawan ramukan rariyar da aka tace ƙwayoyin da ita a tsawon inci ɗaya. Rariya mai ramuka 60 manyan ƙwayoyi take saki, mai 220 kuwa sai masu laushi kamar gari. Shi P ɗin alamar ma'aunin Turai ne kawai.

Saboda haka mai 40 ko 60 ita ce mai cin katako, da ita ake kankare tsohon fenti. Mai 80 zuwa 120 tana daidaita fuska, daga 180 zuwa 220 kuma ita ce gugar ƙarshe kafin a shafa fenti.

Inda ake yin ɓarna shi ne in an ɗaura ta a injin samfefa mai aiki da lantarki. Yaron kafinta ya gama da 60, gaggawa ta sa ya tsallaka zuwa 220. A ido katako ya yi sumul, amma da an shafa fenti sai zanen da 60 ta bari ya fito ɓaro-ɓaro. Kowace lamba aikinta goge sawun wadda ta gabace ta, don haka hawa-hawa ake yi: 80, 120, 180. Kuma ba a danne injin. Nauyinsa ya isa. Dannewa ƙone katako take yi, ta bar kwari a tsakiya. Riƙe injin da hannu biyu, kana tafiya da shi a hankali ta inda zaren katakon ya kwanta, kada ya tsaya wuri guda. Ƙusar da ta leƙo a buga ta ciki tukuna, in ba haka ba ta yage takardar.

Ƙura fa? Tun 1995 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar, musamman a kogon hanci. Ɗaura hankici a fuska bai isa ba, takunkumi mai tace ƙura ake so, da tabarau. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar gubar dalma.

Sai halin wutarmu. In an ɗauke wuta kana cikin aiki, kashe makunnin nan take, don da ta dawo injin da aka bari a kunne zai zabura daga kan benci. Canza takarda kuwa, sai an zare wayar daga soket.