Dutsen Rushmore

Dutsen Rushmore yana cikin tsaunukan Black Hills a jihar Dakota ta Kudu, ƙasar Amurka, kusa da garin Keystone. A jikinsa aka sassaƙa fuskokin shugabannin ƙasar huɗu: George Washington, Thomas Jefferson, Theodore Roosevelt da Abraham Lincoln, kowace fuska tsawonta mita 18. Masu ziyara kimanin miliyan 2 ne a shekara.

Aikin sassaƙa

Masanin tarihin jihar, Doane Robinson, shi ya kawo shawarar a 1923, da nufin jawo 'yan yawon buɗe ido. Shi jaruman yammacin Amurka ya so a sassaƙa, amma gwanin sassaƙa Gutzon Borglum ya nace a kan shugabannin ƙasa, ya kuma zaɓi wannan dutse don yana fuskantar kudu maso gabas, rana na haska shi mafi yawan yini.

An soma aiki ranar 4 ga Oktoba 1927. Ma'aikata kusan 400 suka yi shi, da yawansu mahaƙa ma'adinai ne da ba su taɓa sassaƙa ba. Kowace safiya sai sun hau matakala 700, sannan a zuro su daga bisa a kan kujerun da ke rataye da igiyar ƙarfe, suna reto a gaban dutsen da injin huda a hannu. Kashi 90 cikin 100 na dutsen da aka cire da nakiya aka fasa shi. In an zo dab da fatar fuska, sai su huda ramuka kusa da juna, su ɓamɓare abin da ke tsakani da guduma da kurfi, kana su goge. Babu wanda ya mutu a wurin aikin, kuma wannan abin a jinjina wa ne, ko da yake ƙurar da suka shaƙa ta lalata huhun wasunsu daga baya.

Da farko a hannun daman Washington aka fara fuskar Jefferson. Da dutsen wajen ya ƙi, sai aka tarwatsa ta da nakiya, aka sake ta a hagunsa. Borglum ya rasu a Maris 1941, ɗansa Lincoln Borglum ya ci gaba har aka dakata a ƙarshen Oktoba. An yi niyyar sassaƙa su har ƙugu, kuɗi suka ƙare. An kashe abin da bai kai dala miliyan 1 ba.

Rikicin ƙasa

Wurin mai tsarki ne ga ƙabilar Lakota, 'yan asalin yankin, waɗanda ke kiran dutsen Kakanni Shida. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar musu Black Hills. Da aka gano zinariya a 1874, gwamnati ta karya alƙawari, ta ƙwace yankin a 1877. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba a biya su haƙƙinsu ba, aka ware musu diyyar fiye da dala miliyan 100. Sun ƙi karɓa, sun ce ƙasarsu suke so. Kuɗin na nan ajiye, da kuɗin ruwa sun haura dala biliyan 1. Bai kamata mai ziyara ya kalli fuskokin nan bai san wannan ba.

Ziyara

Yawancin baƙi da mota suke zuwa, musamman a lokacin zafi. Ba a yarda a kafa tanti a harabar dutsen ba, don haka masu zango kan sauka a dajin gwamnati na Black Hills ko a gandun Custer, inda garken ɓaunar Amurka kan tare hanya. Hanyar da ta fi daɗi ita ce ta Iron Mountain, wadda aka huda wa ramuka cikin duwatsu yadda direba zai hango fuskokin ta bakin ramin. Shiga kyauta ne, ajiye mota ake biya. Akwai turbar ƙafa mai matakala 422 da ke bi ta gindin dutsen, inda tarin ɓaraguzan nakiyar ke zube har yau.

Kilomita 27 daga nan ake sassaƙa jarumin Lakota, Crazy Horse, aikin da gwanin sassaƙa Korczak Ziolkowski ya fara a 1948 bisa gayyatar wani dattijon Lakota, Henry Standing Bear. An kammala fuskar a 1998, sauran jikin da dokinsa har yanzu ana kai.