Andrew Foster

Andrew Jackson Foster (1925–1987) baƙar fata ne ɗan Amurka, kurma, malamin makaranta kuma ɗan mishan, wanda ya shafe shekara talatin yana buɗe makarantun kurame a Afirka. Ana lissafa masa makarantu 32, wasu su ce 31, a ƙasashe 13, ciki har da Ghana, Nijeriya, Chadi da Kamaru. Kurame da yawa a yammacin Afirka da tsakiyarta suna kiransa uban ilimin kurame, kuma maganar hannun da ake koyarwa a yawancin makarantun yankin a yau ta samo asali ne daga wadda ya zo da ita.

Tasowarsa

An haife shi ranar 27 ga Yuni 1925 a Ensley, wata unguwar ma'aikatan ƙarfe a birnin Birmingham na jihar Alabama. Da jinsa aka haife shi. Yana ɗan shekara 11 sanƙarau ya kama shi tare da ɗan'uwansa, suka tashi daga ciwon amma kunne ya tafi. Mutanen ƙasar Hausa ba sa buƙatar dogon bayani a nan, domin sanƙarau baƙon bazara ne da suka sani, kuma kurame da dama a Arewa ta hanyarsa suka rasa ji. Tun da ya riga ya iya magana kafin ciwon, bakinsa bai rufe ba, abin da ya taimake shi daga baya wajen yi wa jama'a jawabi da neman gudummawa.

Alabama ta wancan lokaci tana ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata, har kurame ma an raba musu makaranta. An kai shi ta kuramen baƙar fata a garin Talladega, inda karatun ba ya nisa. Da ya zama saurayi sai ya koma Detroit wajen 'yar'uwar iyayensa, yana aikin masana'anta da rana, yana karatu da dare da kuma ta hanyar wasiƙa, har ya haɗa takardar sakandare.

A kwalejin Gallaudet

Gallaudet, da ke birnin Washington, ita ce babbar makarantar kurame ta Amurka, wadda shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a takardar kafa ta a 1864. Foster ya nemi shiga ba sau ɗaya ba ana mayar da shi saboda launin fatarsa, sai a 1951 aka karɓe shi. Ya zauna aji ɗaya da fararen fata a lokacin da yawancin makarantun kurame na kudancin ƙasar suke a rabe, ya kammala karatun shekara huɗu cikin uku, ya fita da digiri a fannin ilimi a 1954. A wannan shekarar ce kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Ana yawan ambatonsa a matsayin baƙar fata na farko da ya sami digiri a kwalejin. Cikin shekara biyu da suka biyo baya ya ƙara digiri na biyu har guda biyu, ɗaya a Michigan kan ilimin masu buƙata ta musamman, ɗaya a Seattle kan aikin mishan.

Ya nemi ƙungiyoyin mishan su tura shi Afirka, suka ƙi. Sai ya kafa tasa a Detroit a 1956 da sunan Christian Mission for Deaf Africans, wato mishan ɗin Kirista domin kuramen Afirka, ya shiga yawon coci-coci yana tara kuɗi.

Ghana da Nijeriya

Ya sauka a Accra a 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai. A lokacin, makarantun kurame a duk nahiyar ba su wuce goma sha biyu ba, kuma kusan dukkansu a arewacin Afirka suke ko a Afirka ta Kudu. Ya ari aji a wata makarantar cocin Firesbiteriyan a unguwar Osu, yana shiga da ɗalibansa bayan 'yan makarantar sun tashi. Da ɗalibai goma sha biyu ya fara. Kafin a jima iyaye suka fara kawo 'ya'yansu daga nesa, wuri ya yi kaɗan, aka mayar da makarantar Mampong-Akuapem ta zama ta kwana.

A 1960 ya buɗe makaranta a Ibadan, sannan aka yi na Enugu da Kaduna, wato kowane yanki daga cikin yankuna uku na Nijeriyar wancan zamani ya sami tasa. A Nijeriya ya auri Berta, Bajamushiya kuma kurma, a 1961, bayan sun haɗu a taron kurame na duniya da aka yi a Wiesbaden ta Jamus a 1959. Sun haifi 'ya'ya biyar, kuma tare suka riƙe aikin.

Abin da ya fi ba aikinsa tsawon rai shi ne yadda ya ɗauki horar da malamai. Ibadan ta zama cibiya: ana kawo samari kurame da masu ji daga ƙasashe daban-daban, a koya musu maganar hannu da dabarun koyarwa, su koma gida su riƙe aji. Ɗaliban da ya ga suna da kai yakan nema musu hanyar zuwa Gallaudet, kamar Seth Tetteh-Ocloo na Ghana da Gabriel Adepoju na Nijeriya, waɗanda suka dawo suka zama jagororin ilimin kurame a ƙasashensu. Ga yaron da aka saba barinsa a gida ko a tura shi bara, ganin kurma irinsa tsaye gaban allo da alli a hannu ba ƙaramin abu ba ne. Daga shekarun 1970 aikin ya karkata zuwa ƙasashe renon Faransa da na Beljiyam: Kwaddibuwa, Togo, Chadi, Sanagal, Benin, Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Zayar (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yanzu), Burkina Faso, Burundi da Gabon.

Bai ɓoye cewa wa'azin Kirista ne ya kawo shi ba. Ayar da ya fi so ita ce Ishaya 29:18, mai cewa a ranar nan kurame za su ji kalmomin littafi. Da yawa daga cikin makarantun sun koma hannun gwamnatoci daga baya, kuma 'ya'yan Musulmi da na Kirista duk sun yi karatu a cikinsu.

Hanyar koyarwarsa da abin da ta haifar

Tun taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya a 1880, aka yanke cewa a koyar da kurma ta karanta leɓe da tilasta furuci, a hana shi amfani da hannu. Turawan mulkin mallaka da wannan ra'ayi suka zo, kuma 'yan makarantun da suka buɗe a kai suka tafi. Foster ya bi wata hanya: a yi amfani da duk abin da zai isar da saƙo, hannu, rubutun haruffa da yatsu, fuska, leɓe, allo. Alamun da ya koyar na maganar hannun Amurka ne, ana jera su bisa tsarin jimlar Ingilishi. A ƙasashe masu Faransanci aka riƙe alamun, aka sauya haruffan farko da motsin baki su dace da kalmomin Faransanci. Wannan ne ya sa kurman da ya yi makaranta a Abidjan ko Njamena ya fi saurin fahimtar na Washington a kan na Paris, duk da cewa da Faransanci yake rubutu.

A nan ne kuma ake yi masa suka, kuma sukar tana da tushe. Afirka ba ta rasa maganar hannu ba kafin zuwansa. A ƙauyen Adamorobe na Ghana, wanda bai da nisa da Mampong, kurumta ta gado ta yi yawa har masu ji ma suna magana da hannu, da yarensu na kansu. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu, ko maganar bebaye, wadda ake koya a gida da kasuwa da majalisar kurame, ba a aji ba. A Kano har sarautar sarkin bebaye akwai. Alamunta daga rayuwar Bahaushe aka ciro su, shi ya sa mai ji ma yakan gane da yawa daga ciki, ya yi ciniki da kurma ba tare da tafinta ba. Masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Da makarantu suka yaɗu, irin ta Tudun Maliki a Kano da aka buɗe a 1977, sai alamun Amurka suka zama na 'yan boko, na gida kuma aka fara yi musu kallon na wanda bai je makaranta ba. Ba za a ɗora wa Foster wannan shi kaɗai ba, domin ma'aikatun ilimi da kwalejojin horar da malamai su suka ci gaba da tsarin bayansa. Amma gaskiya ne cewa da abin da ya sani ya koyar, bai tsaya tattara abin da ya tarar ba. Yau matasan kurame a Kano sukan gauraya biyun, su karkata ga ɗaya ko ɗayan gwargwadon wanda suke hira da shi.

Rasuwarsa da tunawa da shi

Gallaudet ta ba shi digirin girmamawa a 1970. Ranar 3 ga Disamba 1987 ya shiga wani ƙaramin jirgin sama da zai je Kenya, jirgin ya faɗi kusa da Gisenyi a Ruwanda, ya rasu yana da shekara 62. Matarsa ta ci gaba da jan ragamar mishan ɗin. A 2004 jami'ar Gallaudet ta sa sunansa a ɗaya daga cikin zaurukan taronta, kuma ƙungiyar kuramen baƙar fata ta Amurka ta ba da kyautar mutum-mutumin kansa aka girke a wurin.