Lambar NIN ta jariri: daga takardar haihuwa ake farawa

Mutane da yawa sun ɗauka lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ta manya ce kawai, masu layin waya da asusun banki. Ba haka abin yake ba. Jaririn da aka haifa jiya ma zai iya samun tasa, lamba ce mai alƙaluma 11 wadda ba za a sake ba shi wata ba har ƙarshen rayuwarsa. Katin ne ba a bayarwa sai yaro ya cika shekara 16, amma lambar ba ta jiran shekaru.

Hukumomi biyu ne ke da hannu a wannan aiki, kuma rashin bambance su ne yake sa iyaye zirga-zirgar banza. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, NPC, ita ke rajistar haihuwa ta ba da takardar haihuwa. Hukumar Kula da Shaidar Ɗan Ƙasa, NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, ita ke ba da lambar NIN. Ta biyun kan ta farkon take dogara, domin takardar haihuwa ce hujjar suna da ranar haihuwar yaron da ba shi da wata shaida tukuna.

Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa ita ce doka ta 69 ta shekarar 1992. Ta ce a yi wa kowane jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwarsa, kuma a cikin wannan wa'adi ba a biyan ko sisi. In an wuce kwana 60, dokar ta ba da damar a nemi kuɗin makara. In kuma an haura shekara guda, sai da izinin babban jami'i da ƙarin hujjoji. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ƙara jaddada wannan a sashe na 5, inda ta ce kowane yaro yana da haƙƙin a raɗa masa suna, ko dai ranar da aka haife shi ko ranar da al'adar iyayensa ta tanada, sannan a yi masa rajista. Ke nan doka ba ta yi karo da sunan kwana bakwai ba. A yanka rago, liman ya yi addu'a, wanzami ya yi aski, har yanzu akwai sauran sama da mako bakwai.

Nauyin kai labari yana kan uba ko uwa da farko. Amma dokar 1992 ba ta tsaya nan ba, ta haɗa da likita da ungozoma da dagaci, har da limamin da ya jagoranci raɗin suna, cikin waɗanda ya kamata su sanar da jami'in rajista. Da ana aiki da wannan sashe yadda aka rubuta shi, da wuya a samu yaro a ƙasar Hausa da ba shi da takarda, don ba a raɗa suna babu malami. Sai dai binciken MICS na 2021, wato binciken gida-gida kan halin da mata da yara ke ciki, ya nuna kashi 57 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista.

A ganina, maigida ne ya fi dacewa ya ɗauki wannan ɗawainiya. Mai jego tana wanka har ta yi arba'in, wata ma ta tafi gidan iyayenta goyon ciki ba ta dawo ba. In aka ce sai ta gama, kwana 20 kaɗai ya rage, kuma a cikinsu ne ake yawon arba'in. Wata dama mai sauƙi ita ce ranar allurar rigakafi ta mako shida, wadda ke faɗawa cikin wa'adin, domin a asibitoci da yawa akwai teburin jami'in NPC. In babu, hukumar tana da ofishi a kowace ƙaramar hukuma. Haihuwar gida ba ta hana rajista.

A kula da wani abu: 'yar takardar da asibiti ke bayarwa bayan haihuwa, da katin rigakafi, ba su ne takardar haihuwa ba. Suna taimakawa wajen tabbatar da rana, shi ke nan. Takardar rantsuwa ta kotu ma ba ta maye gurbin ta NPC ga yaron da aka haifa yanzu.

Daga nan sai lambar. A watan Nuwamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da tsarin rajistar haihuwa ta na'ura, wanda aka tsara shi yadda bayanan jariri za su wuce daga NPC zuwa NIMC a fitar masa da lamba ba tare da an sake bin wani layi ba. Inda tsarin ya kankama, jami'i zai nemi lambar NIN ta uwa ko ta uba ya shigar da ita tare da bayanan yaro. Inda ba a samu lambar ta wannan hanya ba, sai a ɗauki jaririn da takardar haihuwarsa zuwa cibiyar rajistar NIMC, tare da takardar NIN ta ɗaya daga cikin iyaye ko mai riƙo. Za a ɗauki hotonsa, a liƙa lambarsa da ta wanda ya kawo shi. Wannan ya sa uban da bai yi tasa rajistar ba sai ya fara da kansa. Rajistar farko kyauta ce a cikin Najeriya. Wanda ya ce a ba shi "na katin waya" ko "na man janareta" ba doka ce ta aiko shi ba.

Inda aka fi yin kuskure, kuma inda ya kamata a nutsu, shi ne rubuta suna. Muhammad, Muhammadu da Mohammed suna ɗaya ne a wurinmu, amma a wurin kwamfuta mutum uku ne. Haka Aisha da A'ishatu, Abubakar da Bukar. Ga kuma sunan alkunya: yaron da aka yi wa kakansa takwara kowa Abba yake kiran sa, yarinya kuma Ummi ko Walida, har a kai ta makaranta a rubuta hakan a rajista. Wani gidan sunan uba suke sawa a ƙarshe, wani na kaka, wani sunan gari kamar Gwarzo ko Funtuwa. Duk wanda aka zaɓa daidai ne, matuƙar an tsaya a kansa. Kafin a fita daga gida, a zauna a rubuta sunan a takarda, harafi bayan harafi, da jerin da ake so ya bi, sannan a karanta abin da jami'i ya shigar kafin ya rufe. Ranar haihuwa ma haka. Da yawa daga cikin iyaye mata da lissafin watan Musulunci suke riƙe ta, a ce "goma ga watan azumi", don haka a nemo daidai ranar a kalandar boko tun abin yana sabo, kada a yi kintace.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne gyara yana da tsada da cin lokaci. Sauya ranar haihuwa a rumbun NIMC ya haura naira 28,000 tun watan Mayun 2025, ban da takardun da za a nema. Kuma matsalar ba ta fitowa sai ranar da ake gaggawa. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajistar jarrabawa sai da NIN, kuma sunan da ke kanta shi za ta ɗauka. Fasfo ma sai da ita, ko da na goyo ne da za a tafi da shi Umara.

Ba a ɗaukar zanen yatsun ƙananan yara a matsayin shaida ta dindindin, don jikinsu bai gama tsayawa ba. Idan yaro ya cika shekara 16, sai ya koma cibiyar NIMC da kansa a ɗauki yatsunsa goma da sabon hoto da sa hannu. Lambarsa tana nan yadda take. Kada a yi masa sabuwar rajista ko da takardar farko ta ɓace, domin rajista biyu ga mutum ɗaya laifi ne. Sake buga takardar ake nema.